Hansarin Inna Mai Masa: Nazarin Lamarin Wata Mata a Sakkwato

Da ciwon kai ta zo. Wata safiya ce a watan Nuwamban 2024, sanyi bai gama sauka ba, ta shigo ɗakin awo na ƙaramin asibitin da nake aikin jinya tana haki, ɗiyarta na biye da ita riƙe da kati. Zan kira ta Inna mai masa, domin sana'arta ke nan, haka kuma yaran unguwa ke kiranta. Sunanta da na unguwarsu na bar su a cikina.

Shekararta 46, haihuwa takwas, shida na raye. Mai gidanta ɗan kabukabu ne a da, yanzu yana taya wani sayar da albasa a kasuwa. Tana da abokiyar zama. Gidan haya suke, ɗaki ɗaya ne nata, ita da yara huɗu.

Abin da ta faɗa da bakinta shi ne kullum da ciwon kai take tashi, bakinta a bushe ƙamas, jiki kamar an yi mata duka. Da rana kuma gyangyaɗi, ko ana cikin hira. Fitsarin dare sau uku ko huɗu. Da na ɗaga hannun hijabinta zan ɗaura abin awon jini sai na ga tabon ƙuna sabo a damtsenta. Ta ce barci ne ya fizge ta a gaban tanda, mai ya fallatso mata. Can kuma, da murya ƙasa-ƙasa, ta ce dannau na yawan taka ta: sai ta farka a firgice kamar an shaƙe mata wuya. An yi rubutu, an yi hayaƙi, ba a ga canji ba.

Na ce, "Inna, kina hansari?" Hansari shi ne minshari a bakinmu na Sakkwatawa.

Ta riƙe haɓa. "Subhanallahi! Malama, mace da hansari? Ni ban yi."

Ɗiyar ta sunkuyar da kai. Ita ce ta fari, shi ya sa har muka rabu ban ji Inna ta kama sunanta ba, sai dai "yarinyar nan". Na tura Inna ta kawo fitsari, na tsare yarinyar.

"Wallahi Malama har maƙwabta na ji. Amma ba ƙarar ke ba ni tsoro ba. Sai tana cikin yi, ki ji tsit, kamar an kashe rediyo. In yi ta ƙirga, goma sha biyar, ishirin, sannan ta fizgo numfashi kamar wadda aka tsamo daga rijiya. Wani lokaci ni ka taɓa ta."

Wannan maganar ta ɗiyar ta fi duk awon da na yi a ranar amfani.

Abin da awo ya nuna

Nauyinta kilo 92, tsawonta mita 1.58. Idan aka raba nauyi da tsawo sau tsawo, wato lissafin da ake kira BMI, ta tashi da 36.9. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 kuma an shiga ƙiba mai cutarwa. Zagayen ƙugunta santimita 112, alhali daga 88 haɗari ke yawa ga mace. Zagayen wuya 41. Jininta 160 bisa 100, aka sake aunawa bayan ta huta, bai sauka ba. Sukarin jininta kafin karin kumallo 6.5, bai kai 7.0 da ake kiran ciwon sukari ba, amma ya tsaya a bakin ƙofa. Fuskarta ta yi zagaye fiye da yadda jikinta ya nuna, ga wani tudun kitse a bayan wuyanta. Wannan ya tsaya mini a rai, zan dawo kansa.

Akwai wasu tambayoyi takwas da aka tsara a Jami'ar Toronto ta Kanada a 2008, ana kiran su STOP-Bang, don tace masu haɗarin ɗaukewar numfashi cikin barci. Ba sa buƙatar komai sai baki da sikeli da tef ɗin tela. Inna ta ci shida: minshari mai ƙarfi, gajiyar rana, an ga numfashinta na tsayawa, hawan jini, BMI sama da 35, da wuya sama da santimita 40. Biyun da ta tsallake su ne wuce shekara 50 da zama namiji. Daga biyar zuwa sama haɗari ne babba.

Yadda ƙiba ke toshe hanyar iska

Daga bayan hanci zuwa maƙoshi hanyar iska nama ce zalla, babu ƙashin da ya tokare ta. Idan mutum yana farke, tsokoki ne ke riƙe ta a buɗe. Barci na yin nauyi sai su saki, harshe ya zame baya, ganɗa mai laushi da beli su riƙa kaɗawa duk lokacin da iska ta matsa ta wuce. Ƙarar wannan kaɗawa ce minshari. Kitse kuwa ba a ciki da cinya kaɗai yake taruwa ba, yana taruwa a gefen maƙogwaro, har cikin harshe. Hanyar da ma ta saki, ga ta kuma ta ƙuntata. Teɓa ma na da nata laifin: idan aka kwanta rigingine tana danno huhu sama, huhu ya kasa cika, jan da yake yi wa bututun iska ya ragu. Duk wanda ya taɓa tsotsar ledar ruwa har ta manne ya ga abin da ke faruwa. Ana jan iska da ƙarfi, bango ya haɗe da bango.

Idan hanyar ta rufe na daƙiƙa goma ko fiye, an ƙirga ɗaya. Iskar da ke cikin jini ta ragu, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tayar da mai barci na ɗan lokacin da ba zai ma tuna ba, zuciya ta buga da sauri, jini ya hau. Sai a koma barci, a sake. Sau 5 zuwa 15 a awa ɗaya ana ce masa mai sauƙi, 15 zuwa 30 matsakaici, daga 30 mai tsanani. Mutum zai kwana a shimfiɗa ya tashi bai yi barci ba. Fitsarin daren ma daga nan yake: zuciyar da ke shan wannan matsi tana sakin wani sinadari da ke sa ƙoda ta tara fitsari. In an daɗe a haka, hawan jini ya ƙi jin magani, ga haɗarin shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya da na sukari.

Ba duk mai minshari ke da wannan cuta ba, kuma akwai siraran mutane da ke da ita saboda ƙaramar haɓa ko kumburin 'yan wuya ko toshewar hanci. Amma a cikin abubuwan da ke jawo ta waɗanda mutum zai iya taɓawa, ƙiba ce gaba. Wani dogon bincike da aka yi a jihar Wiskonsin ta Amurka, aka buga a shekarar 2000, ya gano ƙarin kashi 10 cikin ɗari na nauyi yana tafiya da ƙarin kusan kashi 32 na yawan tsayawar numfashi, raguwar kashi 10 kuma na rage shi da kusan kashi 26. Wani ƙiyasi na 2019 ya ce mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ke da cutar a duniya.

Mata su ne aka fi tsallakewa. Namiji matarsa ce ke kawo ƙararsa. Mace kuwa da kasala take zuwa, da ciwon kai, da rashin barci, da ɓacin rai, sai a rubuta mata maganin zazzaɓin cizon sauro ko na ƙarin jini ta tafi. Ga kunya: a garin nan a ce matar aure na hansari gori ne, abin da kishiya za ta ajiye don ranar faɗa. Haɗarin kuma yana ƙaruwa idan al'ada ta fara ɗaukewa, kuma ta Inna ta fara tsallake watanni.

Ina talaka ta samo ƙiba?

A nan na yi kuskuren farko. Na ce, "Inna, sai kin rage cin abinci." Ta yi dariyar da ta fi kuka ciwo. "Malama, mi nike ci? Rabona da nama tun layya."

Gaskiyarta. Sai na ajiye biro na ce ta ba ni labarin yininta tun daga tashi.

Ƙarfe huɗu na asuba take hura wuta. Daga nan har wajen goma na safe tana zaune a kujera 'yar tsugune gaban tanda, yara na fita da talla suna dawowa. Karin kumallonta masar da ta fashe ce, da wadda ta ƙone, da wadda ta yi kwantai, ba a zaune ba, ba a ƙirge ba, jefawa kawai take a baki tana aiki. Da muka lissafa tare, sai ga takwas, wata rana goma. Shayi kofi biyu, kowanne da sukari cokali uku, don shi ke kore mata barci. Da rana taliya da manja da yaji, ko shinkafa da ɗan wake. Da la'asar tana ƙulla zoɓo na sayarwa, tana kurɓa. Da dare tuwo, sannan ta suɗe abin da yara suka rage, domin a gidan da ake auna hatsi da gwangwani ba a zubar da loma. Sai ta wanke shinkafar gobe, a kai niƙa, ta haɗa ƙullu. Sha ɗaya ta wuce kafin haƙarƙarinta ya taɓa katifa.

Babu abin marmari ko ɗaya a wannan lissafi. Gari ne da mai da sukari, su ne mafi arha a cikin abin da ke cika ciki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kaya suka tashi, abin da ya fara fita daga tukunyarta kifi ne da ƙwai, wake ma aka rage masa hannu. A ɗakin nan da uwa ke da kilo 92, autanta ɗan shekara shida nauyinsa bai kai na sa'anninsa ba. Tukunya ɗaya suke ci.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 28 cikin ɗari na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, kashi 12 kuma ramammu ne, kuma abin ya fi yawa a birni a kan ƙauye. Gaskiya ne ƙiba ta fi yawa a gidajen masu hali. Sai dai matar mai hali idan ta tashi neman magani tana da kuɗin gwaji da na kifi da na mota. Irin su Inna sun baro surfe da daka da ɗaukar ruwa na ƙauye, ba su kuma samu abin da birni ke ba mai kuɗi ba. Ita da ta tashi tana tafiyar ƙasa zuwa rafi, yau duniyarta tsakar gida ce mai taku goma. Fita sai biki ko gaisuwar mutuwa ko asibiti. A watan Afrilu da Mayu kuwa, da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, wa zai ce wa mace ta fita motsa jiki?

Rashin barcin kansa yana ƙara ƙiba. Wanda bai ƙoshi da barci ba, sinadarin da ke sanar da ƙoshi, leftin, yana raguwa a jikinsa, na yunwa kuma, girelin, ya ƙaru, ransa ya riƙa biya masa zaƙi da maiƙo. Ƙiba ta hana ta barci, rashin barci ya tura ta ga shayi da masa. Ban ga inda za a ce kwaɗayi ne ba.

Saura maganar fuska da bayan wuya. Na roƙe ta ta zo mini da duk maganin da ke ɗakinta. Ta kawo baƙar leda. Shekara shida da suka wuce, bayan haihuwar auta, ta yi jinya ta rame, a daidai lokacin kuma Malam ya ƙara aure. Unguwa ta ɗauka: kishi ya cinye ta. Wata maƙwabciya ta kawo mata sha-ka-fashe, ta sha wata huɗu. Irin waɗannan ƙwayoyi galibi sifroheftadin ne mai buɗe ciki da sa barci, ko deksametason mai tara ruwa da kitse. Kumatu suka fito, aka koma cewa Malam ya iya kiwo. Ta ce ba ta taɓa jin daɗin jikinta kamar lokacin ba. Daga baya gwiwoyi suka fara ciwo saboda nauyi, ta koma sayen haɗin ciwon jiki a kemis, kusan kullum, fiye da shekara. A cikin haɗin akwai wata 'yar ƙaramar ƙwaya. Da muka aika aka tambayo sunanta, deksametason ce. Tana kashe ciwo nan take, shi ya sa ake son ta, amma tana hawar da jini da sukari, tana tara kitse a fuska da wuya da ciki. Wato daidai inda Inna ba ta buƙata.

Abin da aka yi

Likita ya duba ta, ya saurari zuciya da huhu, ya leƙa maƙogwaro, ya ɗora ta a kan maganin hawan jini. Deksametason kuwa ya hana a yanke shi lokaci ɗaya, domin jikin da ya saba da shi ya rage yin nasa sinadarin, yankewa farat ɗaya na iya kayar da mutum. A hankali aka janye shi cikin makonni, aka canza mata maganin gwiwa. Ya kuma rubuta mata takarda zuwa babban asibiti don gwajin barci, wanda ake kwana da na'urori a jiki suna ƙirga numfashi. Shi kaɗai ke tabbatar da cutar da tsananinta.

Ba ta je ba, kuma ban ga laifinta ba. Maganin da aka fi yarda da shi ga mai tsanani shi ne na'urar CPAP, wadda wani likita a birnin Sidni na Ostireliya, Colin Sullivan, ya fito da ita a 1981. Tana hura iska ta hanci duk dare don kada hanyar ta manne. Kuɗinta ya ninka jarin masar Inna sau da yawa, tana kuma son wutar lantarki daga kwanciya har asuba. Don haka abin da muka yi ba shi ne mafi kyau ba, shi ne wanda hannu ya kai.

Kwanciya ta koma ta gefe. Ɗiyar ta ɗinke goruba guda a bayan rigar barcinta, duk ta juya rigingine sai ta tokare ta ta koma. Aka ɗaga kan katifa da tsofaffin buhuna. Aka janye murhu daga ƙofar ɗaki saboda hayaƙi, tana kuma shaƙa ruwan gishiri mai ɗumi ta fyace kafin ta kwanta. Masa ban hana ta ba, wanda ya hana mai masa cin masa bai shirya a ji maganarsa ba. Uku za ta ware a kwano tun da fari, kwantai a karya kuɗinsa ko a ba almajirai. Sukari daga cokali uku zuwa ɗaya. Kafin tuwo ta fara da kwaɗon zogale ko rama, hura kuma a dama ba sukari. Duk cikin wannan babu abin da ya ƙara mata kashe kuɗi.

Surukarta ta ba da shawarar a kai ta wurin wanzami ya duba beli. Na ce a yi haƙuri. Ba beli ne ya toshe ta ba, yankan kuma ga zubar jini ga shigar ƙwayoyin cuta, ga mai hawan jini.

Tafiyar ƙasa sai da aka nemi Malam. Ya zo a ɗarare, yana zaton kuɗi za a ce ya kawo. Da likita ya yi masa bayani sai ya yi shiru, can ya ce, "Ni na ɗauka gajiya ta, likita." A nan ne ya fito cewa ya fi shekara biyu, ranar girkinta, yakan sulale tsakar dare ya koma zaure saboda ƙarar. Bai taɓa gaya mata dalili ba don kada ta ji kunya. Ita kuma duk tsawon lokacin ta ɗauka ya gaji da ita ne. Tana zaune a wurin ta ja hijabi ta rufe fuska. Ya amince ta riƙa zuwa Islamiyyar matan aure da yamma a ƙasa, tafiyar kamar minti ishirin, zuwa da dawowa arba'in.

Yadda ta kaya

A Janairu ta sauko kilo 90, amma minsharin ƙaruwa ya yi, ƙurar hunturu ta toshe mata hanci. Ta ce goruba dai wahala ce kawai. Da azumi ya kama a watan Maris ta koma suyar ƙosai na buɗa baki, ga kunu mai sukari, ga tuwon sahur, barcin ma ya ƙara gajarta. Ta koma 91, ta ji kunya, ta ɓace mana wata biyu. Ɗiyar ce ta jawo ta a watan Mayu.

Abin da ya fi ba ta wuya bakin mutane ne. Da fuskarta ta fara saɓewa bayan an janye ƙwayar, yayarta ta zo takanas daga ƙauye tana tambaya ko wani abu na damunta a gidan. Abokiyar zama ta yi habaicin masu ramewa ba ciwo. Inna ta ce mini, "Malama, da ina da jiki an ce ina cikin daɗi, ga shi ina mutuwa. Yanzu na fara jin dama an ce wahala ta kama ni." Ban sami abin ce mata ba, sai na nuna mata lambobin jininta na da da na yanzu a kati.

A watan Yulin 2025 nauyinta 85, wato ta sauke kilo bakwai, bai kai kashi goma cikin ɗarin da muka sa a gaba ba. Jini 138 bisa 88, da magani. Sukari 5.9. Fitsarin dare ya koma sau ɗaya ko biyu, ciwon kan safe sai jefi-jefi, ba ta sake yin barci a gaban tanda ba. Dannau, in ji ta, ya yi wata biyu bai zo ba. Wane ne ya yi aikin a cikin rage nauyi da barin ƙwaya da kwanciyar gefe, ba a iya rabewa, tare aka yi su.

Hansari dai yana nan, ya rage ƙara ne kawai. Ɗiyar ta ce har yanzu numfashin na tsayawa, musamman daren da aka wanke rigar goruba ba ta bushe ba, sai dai ba ta cika kai goma sha biyar a ƙirga ba. Takardar gwajin barci na nan a ninke cikin ledar katinta, likita ya sabunta kwanan wata sau biyu.

An sa bikin ɗiyar bayan kaka. Da za su fita ta dawo da baya ta raɗa mini cewa ta fara koya wa ƙanwarta mai shekara goma sha ɗaya: idan ta ji Inna ta yi tsit ta fara ƙirga, in ta kai ishirin ta taɓa ta ta juya.